Lokacin ɗan jami'a, na wane ne?

  Yau ina so mu yi shawara bisa wata magana da ta taso cikin ajinmu na yaƙi da jahilci, ran wata laraba bayan sallar isha.

Wani dattijo ne ya kawo ta. Ɗansa ya ci bak, ya tafi jami'a. Kafin yaron ya tafi, dattijon ya sayar da sa guda da buhu biyu na wake. Shekara ta kewayo, yaron bai ci jarrabawa ba. Aka ce ya maimaita aji. Dattijon ya dube ni ya ce: «Malam, yaron nan ba ya shan taba, ba ya caca. Tun yana ƙaramin lakkwal shi ne na ɗaya. Na tambaye shi abin da ya faru, ya ce wai lokaci ne bai ishe shi ba. Nan gida yana noma, yana ban ruwan bisashe, yana karatu, lokaci ya ishe shi. Can babu gona, babu rijiya. To ina lokacin ya tafi?»

Wasu cikin aji suka ce lalaci ne. Wasu suka ce birni ne ya ruɗe shi. Na ce masa: «Baba, kada ka yi saurin zagin yaro. Ni ma abin nan ya taɓa cina.»

Ka duba yadda muke zaune a ƙauye. Ba mu cika duban agogo ba, amma yininmu yana da mai shi. Ladan ya tashe mu. Rana ta ɗaga, mu san lokacin gona ya yi. Idan ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, babu mai tambaya ko yau yana jin daɗin fita. Kowa ya san danshin ƙasa kwana biyu ne ko uku, in ya wuce sai a jira wani ruwan. Bayan shuka noman fari ya zo, bayansa maimai. Ciyawa ba ta jiran kowa. Aikin da kansa yake kiranka.

Yaron lakkwal ma haka ya tashi. Ƙararrawa ta kira shi. Mushe ya kira sunansa cikin aji, in ba ya nan a aika gida. A kwaleji da lise akwai mai tsaron ɗalibai, akwai aikin gida da ake dubawa kowane mako. Shekara 13 ke nan, daga ajin farko har bak, wani ne ke riƙe masa da igiyar lokacinsa.

Ranar da ya shiga jami'a sai a miƙa masa igiyar a hannu. Ɗaki ne babba, ɗalibai ɗaruruwa. Malami ya shigo, ya yi awa biyu ko uku yana bayani da Faransanci, ya fita. Bai san sunan yaron ba. In ya zo, babu mai yaba masa. In bai zo ba, babu mai nemansa. Ba a ba shi aikin da za a duba gobe. An ce masa dai akwai jarrabawa can gaba. Yaron da bai taɓa riƙe igiya ba sai ya ga kamar an ba shi hutu.

Haka ya same ni shekarar da na shiga makarantar horon malamai. Na bar gida, na sami abokai, muka kafa fada bakin wani shago. Ka san shayin fada. Sai an fura gawayi, an dafa na farko, an dafa na biyu, an dafa na uku. Kafin a wanke kofuna awa uku ta wuce. Kullum ina cewa gobe zan buɗe kaye. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba, salla ba ta wuce ni ba. Amma da jarrabawar farko ta zo, na buɗe kayena na ga rubutun hannuna ne, ban gane abin da na rubuta ba. Na yi kwana huɗu ba barci. Na ci da ƙyar. Abokina da muke ɗaki ɗaya bai ci ba, kuma ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mun so mu fafe namu cikin mota.

Bari in gaya maka yadda karatun jami'a yake a ƙasarmu, don ka san abin da ɗanka ke ɗauke da shi. Da can jami'a guda ce, ta Yamai, can ƙetaren kogi, Harobanda. An kafa ta a 1971, a 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni. A 2010 aka sami jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Digirin farko, wanda suke kira lisans, shekara 3 ne. An raba kowace shekara gida biyu. Kowane rabi yana da awo 30 da ake kira kiredi, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Kiredi guda aikin awa 20 ne zuwa 25. Ka yi lissafi da kanka: 30 sau 20, awa 600 ke nan cikin wata huɗu ko ƙasa da haka. Wajen rabin wannan aiki ba cikin aji ake yinsa ba. Ɗalibi ne zai zauna shi kaɗai ya yi shi, kuma babu mai tsaya masa a kai.

Wata huɗu, ka ji. Kusan kwanakin hatsi ke nan daga shuka zuwa girbi. Manomin da ya yi wata biyu yana cewa gobe, ka san abin da zai tarar a gonarsa.

Da na faɗa wa ajinmu haka, sai muka tashi muka yi lissafi bisa allo, tun da dama lissafi muke koyo a makon. Mako guda awa 168 ne. Muka cire barci, awa 7 kowane dare, 49. Saura 119. Muka cire salla da cin abinci da wanka da wanki da jiran layi, awa 3 kullum, 21. Saura 98. Muka ce mu ɗauka zaman aji awa 25 ne. Saura 73. Zuwa da dawowa, awa guda kullum, 7. Saura 66. Dattijon ya ce: «Awa 66! Ai wannan ya ishi mutum ya nome gona.» Na ce to, mu ci gaba. Fada awa 3 kowane dare, 21. Latsa salula awa 2 kullum, 14. Kwallon da ake kallo ranar asabar da lahadi, barcin rana, rakiyar aboki kasuwa. Kafin mu ankara allon ya kusa komawa sifiri. Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da za ka kira zunubi. Shi ya sa yaro zai rantse maka lokaci ne bai ishe shi ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Buhu ne mai ƴar ƙaramar ɓula, ana tafiya yana zuba.

Yanzu ga tambayar da na fi so mu tsaya a kanta. Wannan lokaci, na wane ne?

Yaron zai ce nasa ne. Ya girma, ya ci bak da guminsa, babu mai gaya masa sa'ar da zai kwanta. Akwai gaskiya cikin maganarsa. Wanda ba a taɓa sakar masa igiya ba ba zai iya riƙe ta ba har abada, kuma gobe shi ne likita ko malami ko alƙali, wanda babu mai tsaya masa a kai. Amma ni ban yarda nasa ne shi kaɗai ba. Awar da yake zaune cikin aji, ƙanensa ne ke riƙe da hauyar da ya aje. San da aka sayar ba nasa ba ne, na gida ne. Kuɗin burs da gwamnati ke ba wasu ɗalibai daga harajin talakawa ya fito. Har kujerar da ya samu, akwai wani yaron da ya so ta bai samu ba. Mutum ba ya cewa abin da aka tara masa da hannu da yawa nasa ne ya yi yadda ya ga dama. Ajiya ce aka ba shi. Malamanmu na addini suna karanta mana Suratul Asri, inda Ubangiji ya rantse da zamani, kuma sun sha gaya mana za a tambayi mutum yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Har nan duk aji suna gyaɗa kai, don maganar tana kan yara. Sai na juyo kanmu.

Na tambayi dattijon: «Baba, cikin shekarar nan sau nawa ka kira shi gida?» Ya ƙirga da yatsu. Bikin ɗan wansa, ɗaya. Sunan jikansa, biyu. Rasuwar wata gwaggo, uku. Girbin hatsi, huɗu. Na ce: «Mutum nawa ka aika wajensa?» Ya yi dariya. Duk wanda zai je asibitin birni, yaron ne mai kai shi, don shi ya iya Faransanci. Mai neman takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, yaron. Mai son a saya masa kayan injin ban ruwa, yaron. Wani ma ya sauka ɗakinsa ya yi kwana goma.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Daga Damagaram wajen 900 ne. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, kwana uku na biki, kwana guda na gajiya. Mako ya tafi. Mako huɗu cikin shekara, wata guda ke nan cur. Mu da muka sayar da sa don ya yi karatu, mu ne kuma muka cinye masa wata guda, muna cewa ai zaune yake, ba aikin da yake yi. Mun saba ganin aiki da gumi. Wanda ke zaune cikin inuwa da littafi a hannu, idonmu yana ganinsa kamar mai hutawa. Kai da ka zauna aji ka san ba haka ba ne. Ka tuna yadda kanka ya yi ciwo ranar da ka fara bambanta b da ɓ, da d da ɗ.

To a daina zumunci ke nan? A'a. Zumunta a ƙafa take, kuma ɗan jami'ar da ya manta hanyar gidansu ba mu ci ribarsa ba. Ga yadda nake gani. Idan kawunsa ya zo asibiti rai a hannun Allah, ba shi da kowa a birni, yaro ya aje littafi ya tafi, ko da jarrabawa gobe ce. Aji ana maimaita shi, rai ba a maimaita shi. Yaron da zai bar kawunsa kwance bakin ƙofar asibiti don kada maki ya kuɓuce masa, ban so ya zama likitan da zai duba ni. Amma biki fa? Suna fa? Za a ɗaura aure ko yana nan ko ba ya nan. Rago zai yanku ba tare da shi ba. Abin da ke sa mu kira shi, in mun faɗi gaskiya, sau da yawa son a gan shi ne, a ce ga ɗan wane na jami'a ya zo. Wannan kwalliyarmu ce, shi kuma yake biyan kuɗinta. Yaro mai kunya ba zai iya ce wa ubansa a'a ba. Don haka nauyin yana kan uban, kada ya tambayi abin da ya san yaro ba zai iya ƙi ba.

Na ɗiya mace ya fi wannan tsanani. Sau da yawa ba ta samun ɗaki cikin jami'a, ko iyaye su ƙi ta zauna can, sai a sauke ta gidan wani dangi. Da asuba ita ce shara, ita ce wankin kwanoni, ita ce shirya yara su tafi lakkwal. Ta dawo da marece, tukunya na jiranta. Ba ta zuwa fada, ba ta kallon ƙwallo, amma awa 66 ɗin nan da muka gani bisa allo ba ta ganin ko rabinsu. In ta faɗi jarrabawa a ce dama karatun mace ba ya nisa. Ke uwa, kai uba, kafin ku sauke ɗiyarku gidan kowa, ku zauna da masu gidan ku yi magana a fili. Ta taimaka, wannan tarbiyya ce. Amma a yanka mata lokacin da babu mai kiranta, kamar yadda ake yanka wa mace gamana cikin gonar gandu.

Wani cikin aji, mutum mai yawan zama wajen malamai, ya ce: «Malam, duk wannan lissafin awa da kake yi, ba ƙarancin tawakkali ba ne? Gobe ta Allah ce.» Na ce gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Amma kai da ka faɗi haka, da kaka ka zaɓi zangarniya mafi kyau ka ɗaure, ka rataye cikin rumbu, ka hana yara taɓawa ko da yunwa ta matsa. Iri ne na damana mai zuwa, wadda ba ka san ko za ka gan ta ba. Babu wanda ya ce maka ba ka da tawakkali.

Akwai kuma wani ciwon da nake tsoro daga ɗaya gefen. Na ga masu karatu da suka koyi ƙirga minti har suka zama marowata. Ka gaishe shi yana duban agogo. Tsohuwa ta tsaya tana tambayarsa mutanen gida, shi ƙafarsa na rawa. Ba wannan nake kira ba. Gaisuwa ba ɓarnar lokaci ba ce. Ita fadar ma tana da amfaninta: can ake jin an ɗage darasi, can ake aron takardun wanda ya rubuta da kyau, can baƙon yaro ke samun wanda zai ranta masa kuɗin kabu-kabu ranar da aljihu ya bushe. Abin da na koya daga baya shi ne in zo in gaisa, in sha kofin farko, in yi sallama. Makon farko sun yi mini tsiya, suna kirana minista. Mako na biyu sun saba. Wata na biyu mutum biyu suka fara tashi tare da ni.

In ɗanka ya tambaye ka dabara, kada ka ce ba ka yi boko ba. Kana da abin ba shi. Salloli biyar sun riga sun raba masa yini, kamar turaku biyar da aka kafa a fili. Ya ɗaure kowane aiki ga turke guda. Bayan asuba, kafin gari ya yi zafi, kafin hayaniya ta tashi, ya karanta abu mafi wuya. Da sanyin safiya ake kama fara. Wannan ya fi amfani a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, ga wuta tana ɗaukewa da dare. Tsakanin magariba da isha ya buɗe abin da aka koyar yau, ko da rabin awa ne, ya sake faɗinsa da Hausa don ya ji ko ya gane. Wani masani Bajamushe, Ebingaus, ya gwada a kansa, ya buga sakamakon a 1885: yawancin abin da mutum zai manta, cikin yinin farko yake zubewa. Mu ma mun gani a ajinmu. Wanda ya koma gida ya sake rubuta harafin a daren, gobe yana tare da shi. Wanda ya bari sai mako ya kewayo, sai mu koma farko.

Ya kuma kula da makonnin da ba a shiga aji. Shekarar jami'a takan rikice, yau yajin aikin malamai, gobe na ɗalibai. Yara su ɗauka hutu ne. Ranar da aka koma sai a haɗa darasin wata biyu cikin mako uku, a sa ranar jarrabawa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Manomi ya san fari na tsakiyar damana. Ba ya barin gona don ruwa ya ɗauke, lokacin ne ma yake kashe ciyawa.

Shi Abdu Mumuni da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, ya rasu a 1991. Ya yi karatu Senegal da Faransa, ya dawo ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta ƙasarmu, ya kuma shugabanci jami'ar. Aikinsa shi ne ƙera abin da zai kama zafin rana, ya dafa ruwa, ya juya injin. Ranar nan da ke dukan kowa a banza, shi ya zauna ya yi tunanin yadda za a tare ta a sa ta aiki. Ina gaya wa yaran garinmu labarinsa in za su tafi, don su san ɗan ƙasar nan ne, zafin da suke kuka da shi shi ma ya sha shi.

Bayan mako biyu dattijon ya dawo aji da kayensa. Ya nuna mini shafi guda da ya rubuta da hannunsa, baƙaƙen sun karkace amma ana karantawa. Ya rubuta: juma'a bayan masallaci. Ya ce ranar ce kaɗai zai riƙa kiran yaron, sai fa in rashin lafiya ko rasuwa. Ya ce ya gaya wa mutanen gari duk mai zuwa birni ya nemi wani ɗan rakiya, akwai ɗan ƙanwarsa mai sayar da goro can. Wasu sun ji haushi, wani har ya ce boko ya shiga kan tsoho. Auren ƙanwar yaron kuma, da aka so a yi a watan Maris, ya je ya roƙi dangin ango aka ɗaga shi zuwa babban hutu.

Ya ce da ya gaya wa yaron haka a salula, yaron ya yi shiru har ya zaci layin ne ya yanke. Can sai ya ce: «Baba, ni ma na bar kwana a fada.»